Gidaje Shida da Rahila Ta Ƙi Cikewa

To, ku gyara zama. Kai mai farar riga, kife wayar nan tukuna, ba za ta gudu ba. Kun ce kuna so ku buɗe shafi a waya ku riƙa sa wa mutanen Kudan da Makarfi da Ikara darar boko duk mako, kuma wai ɗayanku ya lissafa aikin rabin awa ne. Wallahi na ji daɗin zuwanku, don rabon da wani ya tambaye ni sana'ar nan har na manta. Amma maganar rabin awa, ku bar ta a ƙofar zaure tare da takalmanku.

Sunan ma ba mu muka raɗa ba. A jarida "Wasa Ƙwaƙwalwa" ake rubutawa a saman shafin, amma da direbobin tasha suka ga akwati gida-gida kamar gurbin dara, sai suka ce darar boko, sunan kuwa ya bi ta. Kowane farin gida harafi ɗaya yake ɗauka, baƙin gida kuma katanga ne. Wasu kalmomin a kwance suke, wasu a tsaye, suna ratsa juna, a ƙasa kuma ga tambayoyin da za su kai mutum ga kowace kalma. Shekara ashirin da ɗoriya ina haɗa ta wa wata 'yar jaridar Hausa ta mako-mako da ake bugawa a Zariya. Jaridar ta daɗe da rufewa.

Ta farko da na haɗa a Ikara ne, ina sabon malamin firamare. Hedimastanmu Malam Iro shi ke riƙe da shafin a lokacin. Na same shi a ofis wata Alhamis ya duƙufa kan littafin lissafi, yana rubutawa yana gogewa, sai bakina ya ja min na ce, "Malam, ai wannan ko ɗan aji huɗu ya yi." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya yago min shafi guda, ya miƙo fensir, ya ce, "Gida tara a kwance, tara a tsaye. In ka gama ka kawo." Kwana goma sha ɗaya na yi a kanta. Da na kawo ina ta washe baki, ya bi ta da ɗan yatsa, ya tsaya a kusurwar ƙasa ya ce, "Tanimu, wannan kalmar a wace kasuwa ake faɗarta?" Ni na ƙirƙire ta don ta toshe min rami. Ya ce in koma, na ƙara kwana shida.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan ma a akwatin nan, ku matso ku gani. Littafin lissafi mai gida-gida, fensir, reza ta feƙewa, rula, da kilina ta gogewa. Kilina ta fi fensir aiki, ina cinye uku kafin fensir ɗaya ya ƙare. Wannan alƙalamin kara da baƙar tawada na cike baƙaƙen gidaje ne, irin tawadar makarantar allo, don ta biro tana yin dabbare-dabbare in an buga. Waɗannan gwangwanayen madarar kuwa su ne dukiyar. Kun ga kowanne da lamba a jikinsa? Duk kalmar da na tsinta a kasuwa ko a gona ko a bakin wata tsohuwa, sai in rubuta a guntun takarda, in ƙirga haruffanta, in jefa a gwangwaninta. Na huɗu kullum maƙil yake: gero, dawa, wake, rake, rogo. Na tara kuwa sai ka girgiza ka ji abu biyu uku na motsi a ciki. Tambayoyin a tafiretan makaranta nake bugawa, shi kuma ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai na gama in bi kowane ɓa da ɗa da ƙa in sa masa ƙugiyarsa da hannu.

Abin da zai fara ba ku kashi shi ne Hausar da kanta. Kusan kowace kalma tamu da wasali take ƙarewa, kuma baƙi da wasali bi da bi suke tafiya. In ka jera kalma biyu ba dabara, sai ka duba a tsaye ka ga wasula huɗu sun hau kan juna, ba kalmar da za ta zauna a wurin. Nan za ka goge, ka matsar da ɗaya gida guda, ka ga can gefen kuma ya rushe. Amma ranar da kusurwa ta ƙarshe ta rufe, kowace kalma ta kama hannun 'yar uwarta, to ranar ko tuwo ba miya aka ba ni sai in ce ya yi daɗi. Na sha tashi in zaga tsakar gida ina tafi ni kaɗai, har maiɗakina ta daina tambaya.

Tambaya iri biyu ce, ta wayo da ta sani. Ta wayo ita ce wadda amsar tana gabanka amma an sa mata riga. Akwai wata da na taɓa sawa, gida huɗu: "Kullum yana kasuwa, bai taɓa sayen komai ba, amma ba a ciniki sai da shi." Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Hunkuyi ya kwana uku a kanta. Ya ce dillali, bai shiga ba. Ya ce kuɗi, haruffan tsaye suka ƙi. Duk wannan yana zaune yana auna wa mutane masara da abin a hannunsa. Da amsa ta fito mako na gaba ya ga MUDU, ya hango ni ina wucewa, ya biyo ni da mudun yana cewa, "Malam Tanimu, tsaya in auna maka kanka." Muka yi ta dariya har ya ƙara min gyara a wake. Na sa "Yana da ido bai gani, sai an binne shi yake tashi," mutanen Makarfi suka cafke RAKE tun kafin su gama karantawa, na Zariya kuwa suka yi ta lalube. Na sa "Juya ƙasa ka samu aikin zare," wato SAƘA. Na sa "An matse uwa, an dafa hawayenta, an kai kasuwa," MAZARƘWAILA ke nan, ita ta ratsa min akwati daga wannan bango zuwa wancan. Tambayar wayo mai kyau, in mutum ya ga amsa kansa zai zaga, ba kai ba.

Ta sani kuwa ba ta da riga, ko ka sani ko ba ka sani ba. "Garin da hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan take," gida bakwai. Mai gaggawa sai ya rubuta Kudan ya ga gida biyu sun rage suna kallonsa, sannan ya tuna HUNKUYI ce. Malam Iro ba ya son tambayar ƙasashen da ba wanda ya taɓa zuwa. Ya ce a tambayi mutum abin da yake takawa kullum bai lura ba. Shi ya sa shafinmu ya yi farin jini, don manomi zai buɗe jarida ya ga sunan rafin bayan gidansu. Direba ya ƙi tada mota sai ya gama kusurwa, fasinja na masifa. Malaman makaranta, teloli, matan aure da ke aiko amsa a ambulan ta hannun direbobi, duk abokan cinikina ne, kuma ladan wanda ya cike daidai kawai a buga sunansa. A cikinsu ba kamar wata Rahila, malamar asibiti a Makarfi. Ban taɓa ganinta ba a lokacin, amma na san rubutunta kamar nawa. Shekara huɗu ba ta bar gida ɗaya fari ba.

Ranar da Malam Iro ya yi ritaya ya miƙa min gwangwanayen nan, doka ɗaya ya ba ni, kuma a kan tambayar sani ce. Ya ce, "Baki uku, Tanimu. Duk abin da za ka ce wa mutane haka yake, ka ji shi daga baki uku waɗanda ba sa cin tuwo a kwano ɗaya. Mutanenmu in suka ga abu a buge, sun ɗauka daga sama ya sauko." Na ce to. Na kuwa riƙe, har na zama abin tsokana, ana cewa Malam Tanimu ko sunansa ka tambaye shi sai ya je ya ji daga mutum uku.

Sau ɗaya na karya ta, kuma ita ce shekarar da nake kira baƙar shekara. Lokacin an mayar da ni Hunkuyi. Ina da wata dara mai gida goma sha ɗaya, kyakkyawa, duk ta rufe sai rami guda a dama: gida shida, farkonsa B, na ukunsa G, ƙarshensa U. Na juye gwangwanin shida a tabarma sau uku, babu. Gobe kuma direban da ke kai min aiki Zariya zai wuce. Na je Makarfi ranar kasuwa, na zauna a teburin mai shayi ina ta ƙorafi da ƙarfi, kamar yadda na saba. Sai wani dillalin rake, Alhaji Mamuda, da muke gaisawa sama-sama, ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, ai ga BAGUDU. Tafkin Bagudu, wanda ke ƙauyenmu gabas da Dandamisa, ba ya ƙafewa ko da rani. Kowa ya san shi." Na ƙirga a yatsu. Shida cif, B a farko, G a na uku, U a ƙarshe. Na yi tsalle na kama hannunsa da hannu biyu, har na biya masa shayin. A zuciyata na ce sunan tafki ne kawai, wa zai yi ƙarya a kan ruwa? Na rubuta, "Tafkin wane ne ba ya ƙafewa a gabas da Dandamisa?" Da safe na ba direba.

Amsoshi suka fara dawowa. Yawancin mutane ba su san tafkin ba, haruffan tsaye ne suka kai su. Da na buɗe ambulan ɗin Rahila sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ta cike ko'ina tsaf, amma layin nan ta bar shi fari, har haruffan da kalmomin tsaye za su sa a ciki ta tsallake su. Gida shida wayam. A gefe ta rubuta, "Wannan ba zan cike ba." Ni da wautata sai na yi murna, na ce yau dai na kayar da Rahila. Mako na gaba aka buga amsa, BAGUDU ya fito da manyan haruffa.

Bayan kamar wata guda ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga mace da fararen kayan asibiti, jarida biyu a hannunta. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce ita ce Rahila. Na fara zuba mata yabo, ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, wa ya gaya maka sunan tafkin nan?" Na ce Alhaji Mamuda. Ta ce, "Sai wa?" Na ce shi kaɗai.

Ta ce tafkin, su tun tasowarsu Tafkin Jatau suke ce masa, sunan kakan babanta ne, kuma babanta mai sunansa, Baba Jatau, shi ke noman rake a fadamar da ke bakinsa tun kafin a haife ta. Bagudu kuwa kakan Alhaji Mamuda ne. Shekara biyu ke nan Alhajin yana cewa fadamar ta gidansu ce aro aka bayar, dattawan gari sun rabu biyu, magana tana gaban dagaci ba ta ci gaba ba ta koma baya. To yanzu ya sayi jaridar mako biyun nan da yawa ya rarraba, yana bi zaure-zaure yana nunawa, yana cewa ga shi har Zariya an san tafkin na Bagudu ne, mai tafki kuwa shi ne mai fadama. Dattawa biyu da ke bayan babanta sun fara ja da baya, suna cewa su wane ne da za su yi musu da abin da aka buga. Ran Asabar za a yanke magana. Ta ce, "Babana bai iya karatun boko ba, Malam. An nuna masa takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce shi dai bai ga ruwa a ciki ba. Fadamar nan ita ce abincin gidanmu, da ita aka yi min karatu."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Washegari na tafi Zariya wurin edita na zayyana masa. Ya ce a sa 'yar gyara a ƙasan shafi, layi biyu, shi ke nan. Na ce gyaran ba zai fito ba sai bayan Asabar, kuma wa ke karanta layi biyu? Ni zan je gaban dagacin da kaina. Ya ce, "In ka je ka tsaya a bainar jama'a ka ce jaridarmu tana buga abin da aka tsinta a teburin mai shayi, to ka nemi inda za ka riƙa kai dararka." Daga nan na wuce Ikara wurin Malam Iro, ya tsufa sosai, yana kishingiɗe a zaure. Na ba shi labari tun daga farko. Ya ce, "Baki nawa?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To me ka zo yi wurina? Tasha tana can."

Ran Asabar na hau babur na tafi, littafin lissafin nan a aljihuna. Ƙofar gidan dagaci cike, Alhaji Mamuda na zaune a gaba da jarida a cinya, Baba Jatau can gefe, ɗan tsoho siriri da hula ta sha jiki. Da Alhajin ya hango ni sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Alhamdu lillahi, ga ma mai rubutun da kansa." Na cire takalmi na durƙusa na yi gaisuwa, aka ba ni izini. Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan ba gwamnati ta rubuta ba, ba Zariya ta rubuta ba. Ni na rubuta, a kan tabarmata, da wannan fensirin." Na buɗe littafin na nuna musu ramin da shatin gogewa ya kusa huda takarda. Na ce ban taɓa ganin tafkin ba, ban tambayi kowa ba, kalma mai harafi shida nake nema ta toshe min rami, Alhaji ya ba ni a teburin mai shayi, na karɓa. "In ana neman shaida, ranka ya daɗe, wannan maganar Alhaji ce ta je Zariya ta sa riga ta dawo."

Sai wani dattijo ya fashe da dariya, saura suka ɗauka. Alhaji Mamuda ya ce ai shi taimakona ya yi. Na ce gaskiya ne, har shayi na biya masa. Dagaci ya sa aka naɗe jaridun aka ajiye gefe, ya ce a koma kan abin da idanu suka gani: wa ya sare ciyawar fadamar, wa ya haƙa magudanar, wa ake gani a ciki shekara da shekaru. Dattawan nan biyu suka dawo da bakinsu. Kafin azahar aka bar wa Baba Jatau fadamarsa.

Edita kuwa ya cika alkawarinsa. Shekara guda cur ba darar boko a jarida, aka sa tallan maganin basir a gurbina. Ban daina haɗawa ba, hannu ya riga ya saba. Duk Juma'a sai in zana ta da alli a wani tsohon allon makaranta in jingine a bangon mai shayin tashar Hunkuyi, direbobi su yi ta gardama a kai, wani ya rubuta wani ya goge da hannun riga. Masu karatu kuma suka dami masu jaridar da wasiƙu a Zariya, na ji an ce rabin wasiƙun da rubutu iri ɗaya ne, irin na masu rubuta katin asibiti. Da shekara ta zagayo aka aiko direba ya ce in kawo aiki.

Murna ta sa na ce darar farko ta dawowata sai na wanke laifina a cikinta. Na haɗa ta musamman, na bar gida biyar a layin farko, saman kowa, na rubuta tambaya: "Tafkin wane ne ba ya ƙafewa a gabas da Dandamisa?" Amsa JATAU. Wannan karon baki biyar na ji, ba uku ba. Na hau babur na tafi in nuna wa tsohon kafin a buga. Na same shi a fadamar, laka har gwiwa, yana ɗaure rake. Rahila tana nan ta zo hutu, ta karanta masa, ta nuna masa gidaje biyar ɗin da sunansa zai zauna. Ina tsaye ina jiran godiya.

Ya goge hannu a riga, ya karɓi takardar ya duba, ya miƙo min. Ya ce, "Malam, na gode, amma cire ni." Na ce, "Baba, ai gaskiya ce, na tambaya." Ya ce, "Na sani. Amma ran nan kai ka tsaya gaban mutane ka ce takarda ba shaida ba ce, aka yarda da kai. In yau ta faɗi sunana na yi murna, gobe ta faɗi na wani me zan ce? Fadamar nan ba takarda ta ba ni ba." Ya zaro rake biyu masu kauri ya ɗaure min a bayan babur, ya koma cikin lakarsa.

Na dawo gida na sa kilina na goge layin farko. Goge shi ya rushe min rabin akwatin, na kwana huɗu ina sake gini, na kuwa yi shi da daɗin rai.

To ga littafi, ga fensir, ku yago shafi ɗaya-ɗaya. Gida tara a kwance, tara a tsaye. Kai mai rabin awa, kai za ka fara kawo taka, ina nan ba inda za ni. In kuma ka sa tambayar sani a ciki, kafin in duba akwatin zan tambaye ka baki nawa.